Ranar da ƙanenmu ya fara ganin kofi biyu

 Da yawanku kun yi ta bugo waya kuna tambayar me ya sa aka yi kusan mako uku ba a ji muryarmu a shirin safe ba, kwanakin baya. Wasu har sun yanke hukunci cewa korarmu aka yi. To ba kora ba ce, jinya muka tafi Yamai. Mun daɗe muna jan ƙafa wajen ba da labarin saboda akwai laifinmu a ciki, amma mai ciwon da kansa ya ce mu faɗa, ko wani zai amfana.

Ƙanenmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan kabu-kabu. Wata ranar Alhamis bayan magariba ya sauke wata mata da kayanta a hanyar Tibiri, yana dawowa sai amalanken jaki ya ɓullo mishi daga lungu, ba fitila ba komai. Ya taka birki, moton ya zame cikin rairayi, fuskarsa ta daki kusurwar katakon amalanken. Kaske kuwa yana rataye a hannun moto, inda kaske na yawancin ƴan kabu-kabu yake wuni yake kwana.

Aka kai shi gidan likita. Aka wanke ciwon, aka ɗinke mishi girar hagu, aka yi mishi radiyo. (Ku na tsallaken iyaka hoton ƙashi kuke cewa. Mu nan shi ma radiyo ne, har Inna ta tambaya ko wurin aikinmu za a kai shi.) Ba a ga karaya a fili ba. Idon ya kumbura ya rufe ruf, amma da aka buɗe fatar da yatsa aka haska, yana gani. Aka rubuta odinansi, aka ce mu dawo in mun ga wani canji. Ba mu zargin kowa a daren nan. Daga baya muka gane cewa irin wannan karaya sau da yawa radiyo ba ya nuna ta.

Da safe hancinsa ya toshe da busasshen jini, yana ta numfashi da baki. Mu ne muka miƙa mishi tsumma muka ce, "Fyace mana da ƙarfi, ka fitar da shi ka huta." Ya fyace. Wallahi a gaban idonmu fatar idon ta hau kamar ana hura balan-balan, har zuwa kunci. Da muka taɓa sai muka ji wani ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata kamar ana murza leda. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Wanga ba ciwon likita ba ne. Iska ce ta shige shi inda ya hwaɗi, dama magariba ce." Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi. Mu kuma, da muke karanta muku saƙon lafiya kusan kullum, mu da aka ce mun yi lakwal, muka ce kumburi ne kawai, zai saɓe. Kuma ya saɓe ɗin bayan kwana uku zuwa huɗu, abin da ya ƙara ruɗin mu ke nan.

A kwana na shida idon ya buɗe, ya fita fadarsu. Shi ne mai dafa musu shayi, kuma kun san yadda ake ɗaga buta sama a tsiyayo don kumfa. Ya tsiyaya, shayin ya zuba a kan faranti, gefen kofi. Abokai suka yi dariya. Ya sake, ya sake zubarwa. Da dare ya same mu a ƙofar gida ya ce a hankali, don kada Inna ta ji, "Yaya, kofi biyu nake gani, ɗaya saman ɗaya. Ban san wanne ne na gaske ba." In ya rufe ido ɗaya komai daidai, in ya buɗe biyun sai duniya ta rabu, musamman in ya duba sama. Ya ce kuma kuncinsa na hagu da leɓen sama da haƙoran wajen kamar ba nasa ba ne, ko ya cije ba ya ji.

Ku tuna sana'arsa. Mutumin da ke ganin mota ɗaya ta zama biyu ba ya hawa titi da ran wani a bayansa. Moton ma ba nasa ba ne, na wani alhaji ne da yake kai wa kuɗin yini kowace yamma, kuma alhajin ya riga ya ba wani yaro ya riƙe kafin a gani.

Kawu ya ce a kai shi wajen maɗori. Mun je, kuma muna so mu faɗi abin da dattijon nan ya yi, don ya cancanci a faɗa. Ya shafa goshin, ya shafa kunci da muƙamuƙi, ya sa shi ya buɗe baki ya rufe. Sai ya janye hannunsa ya ce, "Ƙashin da hannuna bai kai gare shi ba, ba ni ɗora shi. Ina za ni ɗaura kara a nan? Ku maida shi likita." Ko dala bai karɓa ba. Wata maƙwabciya kuma ta kawo wani ruwa a ƴar kwalba ta ce a ɗiga, shi ne dai muka samu ƙarfin halin hanawa.

A kwana na takwas muka ga likitar ido. Ta sa shi ya karanta allo, ta duba cikin idon da na'urarta, ta ce ƙwayar lafiya lau. Sannan ta ɗaga bik ta ce ya bi shi da ido kada ya motsa kai. Dama, hagu, ƙasa. Da ta kai bik ɗin sama, idon dama ya bi, na hagu ya tsaya a hanya kamar akuyar da igiyarta ta ƙare. Ta shafa mishi auduga a kumatu biyu, ɗaya yana ji ɗaya ba ya ji. Ta tambaya, "Ya fyace hanci bayan haɗarin?" Muka sunkuyar da kai. Da muka gaya mata abin da Inna ta ce, ta yi murmushi ta ce, "Inna ta yi gaskiya, iska ce. Sai dai ta hancinsa ta shiga."

Ga yadda ta bayyana mana, da abin da muka ƙara karantawa daga baya. Ƙwayar ido tana zaune ne a cikin kwarmi, wani ɗan ɗaki na ƙashi da ƙasusuwa 7 suka haɗu suka gina. A cikin ɗakin akwai kitse da ke tallafe ƙwayar, da tsokoki 6 da ke juya ta ko'ina. Bakin kwarmin, wanda kuke ji in kun shafa girarku ko saman kuncinku, ƙashi ne mai kauri. Daɓen ɗakin da bangon da ke wajen hanci kuwa sirara ne kamar ɓawon ƙwai, a wasu wurare ba su kai milimita 1 ba. Ƙarƙashin daɓen kuma ba ƙasa ba ce, wani kogo ne mai iska a cikin ƙashin kunci, wanda ke haɗe da hanci. Kamar gidan bene ne, daɓen ɗakin sama shi ne rufin ɗakin ƙasa. In wani abu da ya fi faɗin bakin kwarmin ya daki wurin, naushi ko ƙwallo ko katako, ƙarfin bugun yana neman mafita, sai daɓen ya ɓurma zuwa ƙasa. Likitoci suna cewa wannan ɓurmawa takan ceci ƙwayar ido daga fashewa. Tun 1957 wasu likitoci biyu a Amurka, Smith da Regan, suka nuna yadda abin ke faruwa, ta hanyar ɗora ƙwallo a kan idon gawa su buga.

In daɓen ya ɓurma, kitse da tsokar da ke ƙarƙashin ido sukan zurma cikin ramin su maƙale, shi ne ido ya kasa duban sama, gani ya rabu biyu. Jijiyar da ke kai ji zuwa kunci da leɓen sama da haƙora a cikin daɓen nan take ratsawa, shi ya sa wurin ke mutuwa. In kuma mutum ya fyace hanci, iska ta bi ta ramin ta cika kewayen ido, tana iya tafiya da ƙazantar hanci ta haddasa ruɓa. Abin da muka sa ƙanenmu ya yi ke nan da bakinmu.

Ta tura mu sikaner. Takardar sakamakon ta fito da Faransanci, fracture du plancher de l'orbite, muka fassara ma Inna cewa daɓen ɗakin idonsa ne ya rufta. Ta ce, "To a sa mishi sabon daɓe mana." Ashe kusan abin da za a yi ke nan.

Kada wani ya ɗauka duk wanda kwarmin idonsa ya tsage sai an yi mishi aiki. Da yawa ba sa buƙata. In tsagar ƙarama ce, ido yana juyawa, ganin biyu-biyu yana raguwa yayin da kumburi ke saɓewa, likita yakan ba da magani ya sa ido na mako ɗaya zuwa biyu, ƙashin ya haɗe da kansa. Ana shiga tiyata ne in tsoka ta maƙale ganin biyun ya ƙi tafiya, ko in ramin ya kai kamar rabin daɓen, ko in ido ya faɗa ciki fiye da milimita 2 har ana gane ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta. Faɗawar nan ba a ganinta da wuri saboda kumburi yana ɓoye ta. Kuma an fi son a yi aikin a cikin kamar mako biyu na farko, don in an daɗe naman da ya zurma yakan manne da tabo, ɓanɓaro shi sai a wahala. Mu kwana tara muka riga muka cinye.

Akwai abubuwa biyu da ba su jiran mako biyun nan, kuma likitar ta ce mu faɗe su a iska in mun koma aiki. Na farko, in bayan bugu ido ya turo waje, ya yi tauri, zafi yana ƙaruwa, gani yana dushewa, to jini ne ke taruwa a bayan ido yana danne jijiyar gani. Wannan lissafin awa ake yi, ba na kwana ba, a tafi likita ko tsakar dare ne. Na biyu ya shafi yara, kuma shi ya fi tsorata mu. Ƙashin yaro ɗanye ne, yakan buɗe ya sake rufewa kamar tarko ya cafke tsokar. Idon bai kumbura ba, bai yi ja ba, fari tas, sai a ce ai ba komai. Amma yaron yana amai, yana jiri, ba ya son buɗe idon, in ka ce ya dubi sama ya kasa, bugun zuciyarsa ma yana iya raguwa. Irin wannan a cikin kwana ɗaya zuwa biyu ake son a saki tsokar kafin ta lalace. Ku dubi yawan yaranmu da ke buga ƙwallo a lungu, da harbin danƙo, da ƴar dambe bayan an tashi lakwal. In yaro ya sha bugu a ido ya soma amai, kada a ce shawara ce ko zazzaɓi.

Aka ba mu takarda zuwa Yamai wajen likitan ƙasusuwan fuska da muƙamuƙi. Maganar kuɗi ba sai mun tsawaita ba, kun san ta. Ragon da Inna ke kiwo ya tafi kasuwa, matar yayanmu ta roƙi a ba ta kwasar adashe kafin lokacinta, ƴan tashar su ƙanen namu suka yi karo-karo jaka-jaka suka kawo a cikin leda. Muka hau kar da asuba, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sama da kilomita 600, shi yana rufe da ido ɗaya duk hanya don in ya buɗe biyun amai yake ji.

Likitan ya ɗaga hotunan sikaner ya nuna mana ramin, da naman da ya rataya cikin kogon kamar ɗigon ruwa. Ya faɗi abin da zai yi, ya kuma faɗi abin da ka iya faruwa, bai ɓoye ba. Ganin biyun yana iya raguwa bai tafi duka ba. Fatar ido ta ƙasa tana iya janyewa. Wurin yana iya ruɓa. Akwai kuma haɗarin rasa gani a idon, ƙanƙane ne ƙwarai amma akwai shi. Ƙanenmu ya yi shiru, sannan ya tambaya ko irin aikin da aka yi ma Osimhen ne.

Masu kallon ƙwallo sun tuna. Ranar 21 ga Nuwamba 2021, a wasan Inter da Napoli, Victor Osimhen ya yi karo da kan Skriniar, ƙashin kuncinsa da kwarmin idonsa suka karye. An sa mishi faranti 6 da kusoshi 18, bai buga kofin Afirka na Kamaru ba a farkon 2022, kuma daga nan ne ya soma sa baƙin abin rufe fuskar da yara ke kwaikwayo. Likitan ya yi dariya ya ce nasa bai kai wannan ba, tunda bakin kwarmin da ƙashin kunci ba su motsa ba. Mu abin da ya tsaya mana a rai shi ne Osimhen cikin kwana biyu aka yi mishi aiki, ƙanenmu kuma sai a kwana na 14 ya shiga bulok, kuma rabin jinkirin nan daga gida ya fito.

Daren kafin aiki Inna ta bugo waya tana kuka. An gaya mata wai fitar da idon ake yi a aje a faranti, a gyara, a maida. Mun ji wannan magana a bakin mutane da yawa, har masu ilimi. Ba a fitar da ido. Ana yi ma mutum allurar barci, likita ya janye fatar ido ta ƙasa ya yanka ta cikinta, wurin jan nan da kuke gani in kun ja fatar da yatsa, shi ya sa ba a ganin tabo a waje. Wasu likitocin ta ƙarƙashin gashin ido suke bi. Daga nan sai ya bi kan ƙashi a hankali, ya ɗan ɗaga ƙwayar da wani ƙarfe mai faɗi, ya zaro kitse da tsokar da suka zurma ya maido su ɗakinsu. Sai ya yanka abin toshewa daidai girman ramin ya shimfiɗa a kan gefunan ƙashin da ba su karye ba. Wani lokaci raga ce ta ƙarfen titan mai kama da rariya, wadda ba ta tsatsa, wani lokaci wata roba ta musamman, wani lokaci ƙashi ko guringuntsi daga jikin mutumin kansa. Ƙanenmu ragar titan aka sa mishi, aka kafe ta da ƴar kusa. Kafin a rufe, likita yakan kama ƙwayar da ɗan hantsaki ya juya ta sama da ƙasa don ya tabbata ba abin da ya rage a maƙale.

Kusan awa biyu muka yi a kan benci a ƙofar bulok. Mu da magana ce sana'armu, ranar ko gaisuwar kirki ba mu iya amsawa ba.

Da aka fito da shi, duk bayan ɗan lokaci majo ko wata ma'aikaciya za ta zo ta tashe shi, ta rufe idon dama ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne. Har cikin dare. Yana ta ƙorafin ba a barin shi ya yi barci, mu kuma kowane "uku" ko "biyu" da ya faɗa daidai sai mun yi hamdala a zuci. Jinin nan mai taruwa a bayan ido suke tsaro, don bayan aiki ma yana iya faruwa.

A ɗakin da ke kusa akwai wata mata da aka yi ma irin aikinsa. Mai jinyarta ta ce ƙofa ce ta buge ta. Ita matar ba ta ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sai dai yanzu mun san irin abin da ke ɓurma daɓen ido, mun san kuma dunƙulen hannun namiji ya fi faɗin bakin kwarmin. Wannan magana ta wani shirin ce, kuma in Allah ya yarda za mu yi shi.

Aka sallame mu da sharuɗɗa. Ba fyace hanci na makonni. In atishawa ta zo ya buɗe baki ya bar ta ta fita ta nan, abin da ya ba shi wuya don mun dawo ana ƙura. Ya kwana da kai a sama, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kwanakin farko ma a zaune ya yi salla. Satin farko ganin biyun kamar ya ƙaru, hankalinmu ya tashi, likitan ya ce kumburin aiki ne, a ba tsokar lokaci. A hankali kofunan suka riƙa matsowa kusa da juna har suka haɗe. Leɓen ya fi daɗewa, sai da ya yi watanni yana jin kamar tururuwa na yawo a ciki kafin ji ya dawo. Bai koma kan titi ba sai da likitar ido ta sake gwada shi da bik ɗinta ta ce ya je. Alhajin bai maido mishi da moton ba, wani ne ya ba shi nasa.

Makon jiya ya kawo mu wurin aiki da safe, kaske a kansa, mu ma ya tilasta mana sa ɗaya duk da zafi. Da muka sauka ya tsaya a tsakar gidan radiyo, bai ɗaga kai ba, ya juya idanunsa can sama zuwa ƙarshen dogon ƙarfen eriyarmu. A can ƙurya kaɗai ganin biyun ya rage mishi, kuma likita ya ce mai yiwuwa haka zai zauna. Ya ce, "Yaya, yaushe kuka ƙara eriya ta biyu ba ku sanar ba?" Sai ya ɗaga haɓa, ya ce to ta koma ɗaya, ya tada moto ya tafi neman fasinja.